Idan Zuciyar Ɗan Kallo Ta Yi Kanta

Duk sa'ad da aka tayar da zancen finafinan duka da harbi da zubar da jini, yara ake dubawa. Uba zai kori 'ya'yansa daga falo, ya ce wannan ba na yara ba ne, sannan ya gyara zama ya ƙara sautin talabijin. Saurayi zai je shagon masu tura finafinai a bakin kasuwa, a cika masa waya da na Indiya masu fassara da na Amurka da na Sin, ba mai ce masa kanzil, tunda gemu ya fito. Kowa ya tafi a kan cewa babba ya san fim fim ne, ya san jinin nan rini ne, ya san wanda aka harbe zai tashi ya kakkaɓe rigarsa ya karɓi kuɗin aikinsa. Wannan sanin gaskiya ne, sai dai sharhinmu na yau yana cewa bai isa garkuwa ba. Fim ɗin tashin hankali ba ya mayar da magidanci mai kisan kai, masu cewa yana yi kuwa sun ɗora wa hujja kayan da ya fi ƙarfinta. Inda yake taɓawa shi ne ma'aunin da mutum yake auna dukan da aka yi wa wani: wa ya cancanci a doke shi, yaya zafin abin yake a jikinsa, kuma duka yana biyan bukata ko ba ya biya. Aikinsa a kan ɗan kallo yake, kuma a kowace al'umma 'yan kallo sun fi masu duka yawa nesa ba kusa ba.

Bari mu fara da ba masu kare waɗannan finafinai haƙƙinsu, domin suna da hujja mai nauyi. A shekarar 2009 wasu masana tattalin arziki biyu a Amurka, Gordon Dahl da Stefano DellaVigna, sun ɗauki alƙaluman masu shiga silima daga 1995 zuwa 2004, suka jera su da alƙaluman laifukan duka da raunatawa na ranakun. Abin da suka samu ya ba mutane da yawa mamaki. A ƙarshen makon da aka saki babban fim na tashin hankali, jama'a suka cika silima, laifukan duka raguwa suke yi, har suka ƙiyasta cewa ana samun ragin kusan 1,000 a matsakaicin ƙarshen mako. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne: samarin da suka fi saurin shiga rigima su ne suka fi son irin wannan fim, awannin da suka yi zaune a silima kuwa awanni ne da ba su yi a mashaya ko a kan titi ba. Ga kuma wata hujjar. Daga 1991 zuwa tsakiyar shekarun 2010 laifukan tashin hankali a Amurka sun ragu da kusan rabi, alhali a daidai wannan lokaci ne finafinai da wasannin kwamfuta suka ƙara jini. Mutanen Japan ma suna kallon sara da suka a finafinansu da zane-zanensu, amma ƙasarsu tana cikin waɗanda kisan kai ya fi ƙaranci a duniya. Saboda haka duk wanda ya ce ƙwacen waya ko daba ko fashin daji daga fim suka fito, ya bar jaki yana dukan taiki. Talauci da ƙwaya da yawon makamai da rashin hukunci sun fi kowane fim kusa da wuƙar.

To amma waɗannan alƙaluma duk amsar tambaya ɗaya suke bayarwa, wato ko mai kallo zai tashi ya aikata. Su kansu Dahl da abokinsa sun faɗa cewa bincikensu na awanni ne da kwanaki, bai ce komai a kan abin da shekaru za su haifar ba. Tambayar da ta fi dacewa da babba daban take. Ku tuna abin da ya faru a Aluu ta jihar Ribas a watan Oktoban 2012, inda aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal bisa zargin sata, ko abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta da suka taso daga Fatakwal za su Kano yin Sallah, bisa zargin garkuwa da mutane. Ba mai hankalin da zai ce fim ne ya kashe waɗannan bayin Allah. Amma duk wanda ya san yadda irin wannan ta'asa take gudana ya san masu riƙe da gora da taya da fetur 'yan kaɗan ne. Sauran da'ira ce ta mutane a tsaye, wasu sun harɗe hannu, wasu sun ɗaga waya suna ɗauka, daga baya kuma dubbai su tura wa juna hoton. Wannan da'irar ita take ba masu duka izini. Da za ta yi ihu ta ce a bari, da yawa daga cikin irin waɗannan kashe-kashe ba za su kai ga ƙarshe ba. Abin tambaya ke nan: me yake sa babban mutum mai iyali ya iya tsayawa ya ga ana azabtar da ɗan'adam, cikinsa bai juya ba, har ma ya ji a ransa cewa ai shi ya ja wa kansa?

Manomi ya san yadda hannu yake yin kanta. Ranar farko da ka kama fartanya tafin hannunka zai yi bororo, bayan wata guda kuwa ko ƙaya ta soke ka da ƙyar za ka ji. Masana halayyar ɗan'adam sun nuna cewa zuciya ma haka take da kallon azaba. A 1984, a Jami'ar Wisconsin, Daniel Linz da Edward Donnerstein da Steven Penrod sun sa wasu ɗalibai maza, baligai, kallon finafinai biyar a kwana biyar, kullum ɗaya, irin waɗanda ake bin mata ana yankawa. Kowace rana ana tambayarsu yadda suka ji. Zuwa rana ta biyar damuwarsu ta ragu, sun fara ganin tashin hankalin da ke ciki bai kai yadda suka gan shi ranar farko ba, sun kuma rage ganin cewa ana wulaƙanta mata. Da a nan abin ya tsaya, da sai a ce sabo da fim ne kawai. Amma daga baya an nuna musu kwaikwayon shari'ar fyaɗe, sai suka auna cutarwar da aka yi wa matar ƙasa da yadda waɗanda ba su kalli finafinan ba suka auna ta. Kantar ta tsallaka daga fim ta shiga ɗakin shari'a. A 1995 Linz ya sake irin wannan gwaji tare da Charles Mullin, a wannan karon suka duba tausayin mazan ga matan da ake duka a gidajen aure. Kwana uku bayan fim na ƙarshe, tausayin yana ƙasa, raunukan matan kuma suna ganinsu da sauƙi. Bayan kwana biyar sai tausayin ya dawo daidai da na sauran mutane.

Wannan sakamako na ƙarshe yana da fuska biyu, kuma ya kamata a tsaya a kansa. Mai kare fim zai ce, to ka gani, abin ba ya daɗewa, kwana biyar ya wanke. Haka ne. Amma sharaɗin warkewar shi ne a huta, a yi kwana biyar ba a kalla ba. A zamanin da kallo yake nufin sayen tikiti a je silima ranar Asabar, hutun yana samuwa da kansa. Yau silimar tana cikin aljihu. Mai gadi yana kallo a bakin ƙofa, ɗan kasuwa yana kallo tsakanin ciniki da ciniki, uwargida tana kallo tana jiran tukunya, fim mai dogon zango kuma an gina shi ne yadda ƙarshen kowane kashi zai ja ka zuwa na gaba. Yaushe hannun zai bar fartanya har kantar ta saki? Akwai kuma gwajin da Brad Bushman da Craig Anderson suka wallafa a 2009, wanda aka yi a ƙofar silima ta gaske. Wata budurwa mai ɗaure da bandeji a ƙafa takan yar da sandunan dogarawarta a gaban mutane, a duba tsawon lokacin da za a ɗauka kafin wani ya taimaka mata. Kafin a shiga kallo, ba bambanci tsakanin masu zuwa fim ɗin jini da masu zuwa fim ɗin iyali. Bayan an fito, waɗanda suka kalli na jini sun fi jinkiri da kashi 26 cikin 100. A faɗi gaskiya, tazarar ba ta kai sakan biyu ba, kuma masu sukar irin wannan bincike, irin su Christopher Ferguson, sun daɗe suna cewa tasirin da ake aunawa ƙarami ne, ma'aunan ɗakin gwaji kuma ba su cika kama da rayuwa ba. Sukar tana da tushe. Sai dai ƙaramin abu a kan mutum ɗaya ba ƙarami ba ne idan an ninka shi da miliyoyin mutane, kullum, shekara da shekaru. Yayyafi ma idan ya yini yana jiƙa bango.

Duk da haka, dakushewar tausayi ba ita ce babbar illar ba. Wadda ta fi ta ita ce darasin da labarin yake koyarwa, kuma a nan ne masu ƙirga yawan jini suke kuskure. Tsakanin 1994 da 1997 wasu jami'o'in Amurka sun haɗu sun tace kusan awa 10,000 na shirye-shiryen talabijin ɗin ƙasar. Sun samu cewa kusan kashi 60 cikin 100 na shirye-shiryen suna ɗauke da tashin hankali, a sama da kashi 70 cikin 100 na wuraren da aka nuna shi mai aikatawa ba ya gamuwa da hukunci ko nadama a wurin, kusan kashi 40 cikin 100 kuma mutumin kirkin labarin ne yake aikata shi, wanda aka gina don a so shi. Shirye-shiryen da saƙonsu ya kasance ƙyamar tashin hankali ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Tun shekarun 1960 Leonard Berkowitz ya nuna dalilin da ya sa wannan yake da muhimmanci. Yakan sa a fusata ɗalibi da gangan, sannan a nuna masa wani yanki na fim ɗin damben Turawa mai suna Champion, inda ake yi wa ɗan wasa Kirk Douglas jina-jina. Wasu a gaya musu wanda ake dukan mugu ne, ya cancanta, wasu kuma a gaya musu mutum ne da ƙaddara ta faɗa wa. Hoto ɗaya, jini ɗaya, amma waɗanda aka ce musu ya cancanta su suka fi huce haushinsu a kan wanda ya fusata su. Mu ma a gidajen kallonmu mun san wannan tsari ba tare da an karanta mana shi ba. Akwai jarumi, akwai bos. Awa biyu ana tara wa bos zunubi, ya kashe uba, ya ƙona gida, ya ci mutuncin ƙanwa, domin idan an zo ƙarshe jarumi ya karya shi gaɓa-gaɓa, ɗaki ya ɗauki tafi da sowa ba tare da kowa ya ji nauyi ba. Ramuwar gayya ce aka dafa ta da kyau, aka cire mata ƙashi.

Misali mafi bayyana na yadda wannan darasi yake shiga kan manya ya zo ne daga wani shiri na talabijin ɗin Amurka mai suna 24, wanda tashar Fox ta fara nunawa a watan Nuwamban 2001, wata biyu bayan harin 11 ga Satumba. Jaruminsa, Jack Bauer, jami'in yaƙi da ta'addanci ne, kowane zango na shirin kuma labarin awa 24 ne, agogo yana bugawa, bam yana shirin tashi a tsakiyar birni, ga wanda ya san inda bam ɗin yake a hannu ya ƙi magana. Sai Bauer ya harbe shi a gwiwa, ko ya jona masa lantarki, cikin 'yan mintoci gaskiya ta fito, a ceci birni. Wata ƙungiyar iyaye mai sa ido kan talabijin ta ƙirga wurare 67 na azabtarwa a zango biyar na farko. A watan Nuwamban 2006, Birgediya Janar Patrick Finnegan, shugaban sashen karatu na makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point, ya tashi takanas ya tafi Kalifoniya tare da wasu ƙwararrun masu tatsar bayanai na soja da na hukumar FBI, domin ya roƙi masu shirin su sassauta. Kukansa shi ne, ɗalibansa, waɗanda gobe za su jagoranci sojoji a Iraƙi da Afganistan, yana koya musu dokar yaƙi da ta haramta azabtarwa, su kuma suna kawo masa Jack Bauer a matsayin hujja. Ɗaya daga cikin 'yan tawagar, Tony Lagouranis, wanda ya yi aikin tatsar bayanai a Iraƙi, ya shaida cewa sojoji sukan kalli irin waɗannan shirye-shirye sannan su shiga ɗakin tambayoyi su gwada abin da suka gani. 'Yar jarida Jane Mayer ce ta fito da labarin wannan ganawa a mujallar New Yorker a farkon 2007.

Ku lura, waɗannan ɗaliban na West Point ba yara ba ne, ba kuma jahilai ba ne. Zaɓaɓɓun samari ne masu ilimi, kowannensu ya san Jack Bauer ɗan wasa ne mai suna Kiefer Sutherland. A shekarar 2007 ma, a wani taron alƙalai a Ottawa ta Kanada, alƙalin Kotun Ƙolin Amurka Antonin Scalia ya kawo Jack Bauer cikin muhawara yana kare irin aikinsa. Sanin cewa labari ƙirƙira ne bai hana mutum ɗaukar ƙa'idar da ke cikinsa ba, domin ƙwaƙwalwa takan manta inda ta samo abu ta riƙe abin. Kusan ba wanda ya taɓa halartar ɗakin tatsar bayanai a cikinmu, amma kowa yana da hoton yadda abin yake, kuma hoton daga allo ya zo. A allo wanda aka kama kullum shi ne mai laifin, kullum ya san sirrin, kullum azaba tana fito da gaskiya a kan lokaci. A zahiri kuwa, rahoton kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka da aka fitar a watan Disamban 2014 ya kammala da cewa azabtarwar da hukumar CIA ta yi ba ta zama ingantacciyar hanyar samun bayanai ba, waɗanda aka gana wa azabar kuma sun riƙa ƙirƙiro ƙarya don a sassauta musu. Marubucin fim yana da ikon da ɗan sanda ba shi da shi: shi ya rubuta wanda ya yi laifin, don haka jaruminsa ba ya taɓa dukan marar laifi.

Wannan ya kawo mu ga finafinan da suka fi kusa da mu, na Indiya, waɗanda Hausawa suka shafe sama da rabin ƙarni suna kallo, yanzu kuma fassara ta sa su cikin harshenmu har da karin maganarmu. A 2011 aka saki Singham, inda Ajay Devgn ya fito a ɗan sanda mai gaskiya da ya gaji da 'yan siyasa da kotu, labarin kuma ya ƙare da 'yan sanda sun haɗa baki sun kashe mugun, sun shirya abin kamar shi ya kashe kansa. Fim ɗin ya yi kasuwa sosai, aka yi ta yi masa ci gaba. A ƙarshen Nuwamban 2019 aka yi wa wata likitar dabbobi fyaɗe aka kashe ta a kusa da birnin Hyderabad. Aka kama mutum huɗu. Ranar 6 ga Disamba 'yan sanda suka harbe su duka, suka ce sun yi yunƙurin ƙwace makami su gudu. Jama'a suka fito suna watsa wa 'yan sandan furanni, suna raba alewa. A 2022 kwamitin da Kotun Ƙolin Indiya ta naɗa ƙarƙashin tsohon alƙali Sirpurkar ya gano cewa da gangan aka harbe su, uku daga cikinsu ma ba su kai shekarun balaga a doka ba, ya ba da shawarar a gurfanar da 'yan sanda 10 bisa tuhumar kisan kai. A watan Satumban 2023 wani alƙalin Babbar Kotun Bombay, Gautam Patel, ya ambaci Singham da suna a bainar jama'a, ya ce irin wannan ɗan sanda na fim mai yanke hukunci nan take saƙo ne mai haɗari.

Mai ja zai ce an juya zancen. Ba fim ne ya koya wa Indiyawa son hukuncin nan take ba, kotunansu ne da shari'a takan yi shekara goma ba a gama ba suka koya musu, fim kuwa madubi ne, ya nuna abin da ya tarar. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, rabinta kuma gaskiya ne. Mutumin da aka sace wa babur ya kai ƙara, washegari ya ga ɓarawon yana yawo a unguwa, ba ya bukatar fim kafin ya yanke ƙauna. Ruwa ba ya tsami banza. Amma madubi ba ya zaɓe, fim kuwa yana zaɓe. Daga cikin duk abin da fushin jama'a zai iya haifarwa, gyaran kotu ne, ko matsa wa 'yan majalisa, ko kare shaidu, fim ya ɗauki guda ɗaya tak ya sa masa kiɗa, ya ba shi kyakkyawar fuska, ya cire masa kuskure. Ba ya nuna ranar da aka kashe wanda ba shi ne ba. Ba ya nuna uwar bos. Takaicin na mutane ne tun asali, amma siffar da takaicin yake ɗauka, da jin cewa wannan siffar jarumtaka ce ba ta'asa ba, a nan allo yake sa hannu. Kuma abin yana zagayawa: jama'a su so, a yi musu fim, fim ya ƙara musu so, a yi wanda ya fi shi zafi.

Akwai wata illar da George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania ya shafe shekaru yana bibiya tun ƙarshen shekarun 1960, ita ce tsoro. Ya samu cewa masu kallon talabijin awa huɗu ko fiye a rana sun fi sauran mutane zuzuta yiwuwar a kai musu hari, sun fi cewa mutane ba abin yarda ba ne. An soki wannan ma. A 1979 Anthony Doob da Glenn Macdonald sun duba birnin Toronto unguwa-unguwa, suka ga cewa idan an yi la'akari da yawan laifin da ke unguwar mutum, alaƙar kallo da tsoro takan kusan ɓacewa, sai a unguwannin cikin birni da laifi ya yi katutu. Sai dai wannan togaciyar ita ce ta shafe mu. Gerbner ya amsa da cewa wanda abin da yake gani a allo ya yi daidai da abin da yake gani a ƙofar gidansa, kashi biyu yake sha a lokaci guda. Mutumin da ke zaune inda ake satar mutane da gaske, ya yini yana jin labarin hari, ya kwana yana kallon harbi, wayarsa kuma ta cakuɗa masa fim da hoton gawar gaske a jeri ɗaya, shi ne ya fi kowa saurin gaskata cewa duniya daji ce, baƙo abin zargi ne, mai tausayi kuma wawa ne. Mai tsoro kuwa shi ya fi kowa saurin sa hannu a ba wani izinin yin duka a madadinsa.

Saura masu cewa kallon faɗa yana huce zuciya, ra'ayin da ake jinginawa ga Aristotal na tsohuwar Girka, da masu cewa ai mu ma mun gaji kallon faɗa, ga dambe ga kokawa ga sharo. Batun hucewa dai gwaje-gwaje ba su mara masa baya ba, na Berkowitz da muka ambata ma akasinsa ya nuna: mai fushi da ya kalli duka fushinsa ƙaruwa yake yi. Dambe kuwa, ai shi ne ya fi fito da bambancin. A filin dambe mutum biyu ne suka yarda suka shiga, kowa da hannu ɗaya a naɗe, ga alƙali, ga masu raba su. Abin da ake kira kisa a can shi ne abokin karawa ya taɓa ƙasa, da ya taɓa kuwa an gama, ba a bin sa da duka. Wanda ya faɗi yau ba mugu ba ne, yana da makaɗinsa da magoya bayansa, gobe yana iya kayar da wanda ya kayar da shi. 'Yan kallo suna ganin kumburin fuska na gaske, sun san gidan su mai fuskar. Dambe yana koya wa ɗan kallo cewa faɗa yana da iyaka kuma yana da farashi. Fim ɗin jarumi da bos ya cire iyakar, ya ɓoye farashin.

Wannan ne ya sa hanyar da hukumomi suka saba bi take kuskure wa inda ciwon yake. A 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta sanar da hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a finafinan Kannywood, bisa tsoron kada matasa su koya. An fahimci damuwar, amma ma'aunin da aka ɗauka na abin da aka nuna ne, alhali hujjojin da muka bi duk suna nuni ga yadda aka nuna shi. Fim ɗin da zai bi iyalin wanda aka sace, ya nuna sayar da gona don haɗa kuɗin fansa, ya nuna matar da ba ta san ko takaba za ta shiga ko jira za ta yi ba, ya nuna wanda aka sako ya dawo ba ya iya barci, irin wannan fim kantar zuciya yake kankarewa, ga shi kuma dokar ta rufe masa ƙofa. Wanda kuma jaruminsa zai kama ɓarawo ya yi masa hukunci da hannunsa, jama'a su ɗaga shi sama, zai iya wucewa salin-alin muddin ba a ga an ƙwaci waya ba. Balle kuma finafinan waje da ake turawa a waya a kan 'yan nairori, waɗanda yawancinsu ba su taɓa bi ta teburin mai tacewa ba, su ne kuma manya suke kwana da su bayan an kori yara sun tafi barci.